Darasin Mako: Sa'a Takan Sami Wanda Ya San Abu Fiye da Ɗaya

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Muda Lawal a Bauchi lokacin bazara ya san halin da 'yan gwari ke ciki. Kwandon tumatir ya iso da safe, jibi sai a karya farashi ko a zubar. Kuma dukkanmu mun sha ruwan randa, mun ji sanyinsa. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa haɗa waɗannan biyun a ransa?

A Jigawa, maƙwabciyar Bauchi, an sami wanda ya haɗa. Malam Mohammed Bah Abba ya tashi a gidan maginan tukwane, ya karanta kimiyyar halittu da ta sinadarai da ta duwatsu, daga baya ya koyar a kwalejin fasaha ta Dutse. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin ciki. Shi ke nan fa, ba lantarki, ba janareta. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex.

Wani zai ce sa'a ce. To, amma magina sun fi shi iya gini, malaman kimiyya da yawa sun fi shi karatu. Shi dai ya san dalilin sanyin randa, ya san ƙasar da ke tsattsafo, ya kuma san asarar manomi.

A nan ne muke da gyara. Yaron da muka zaunar a shago mukan ce boko ɓata lokaci ne gare shi. Wanda ke makaranta kuwa ba ma barinsa ya taɓa awo ko ɗinki, wai kada hankalinsa ya rabu. Mu bar ɗan shago ya je ajin yamma, ɗan makaranta kuma ya zauna kusa da sikeli ranar Asabar.

Mai son gwada tukunyar a gida ya lura: sai a inuwa, inda iska ke kaɗawa, a riƙa jiƙa yashin sau biyu a rana. A garuruwan bakin teku irin Legas, inda iska ke da laima, sanyinta ba zai kai na Bauchi ba.