Yadda Ake Tsara Tambayoyin Jin Ra'ayi a Waya Ba Tare da Yaudarar Kai Ba

A yau duk mai riƙe da wayar Android ko iPhone zai iya buɗe Google Forms ya tsara tambayoyi cikin 'yan mintuna, ko ya jefa ƙuri'ar jin ra'ayi a zauren WhatsApp. Ɗalibai na yin haka don furojet ɗinsu, masu sayar da data da kayan waya kuma don sanin abin da kwastomomi ke so. Sai dai idan aka tattara amsa ta gurguwar hanya, ɗan kasuwa zai zuba jarinsa inda babu ciniki, ɗalibi kuma malami ya mayar masa da aikinsa.

Yawan amsa ba shi ne inganci ba

A shekarar 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, aka dawo mata da sama da miliyan 2. Ta yi hasashen Alf Landon zai ci. Da aka yi zaɓe, Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kusan 50,000 kacal, shi ne ya faɗi wanda zai ci.

Abu biyu suka kayar da mujallar. Ta ɗebo sunaye daga kundin masu tarho da masu mota, wato masu hannu da shuni. Sannan masu adawa da Roosevelt sun fi kowa zaƙuwar mayar da amsa. Hakan na faruwa a waya: wanda ya ɗora fom a sitatus ɗinsa, abokansa masu data kawai zai ji. Don haka a fara tantance su wa ake son sanin ra'ayinsu, a kai fom zaure daban-daban, a kuma je wa marasa intanet ƙafa da ƙafa. Manhajar KoboCollect tana karɓar amsa ko babu sabis.

Tsara tambaya

1. Kada tambaya ta nuna wa mutum amsar da ake so. Maimakon "Ba ka ganin data ta yi tsada?", a ce "Yaya kake ganin farashin data?"
2. Tambaya ɗaya, batu ɗaya. "Wayar tana da sauri da riƙe caji?" tambaya biyu ce, a raba ta.
3. Kada zaɓuɓɓuka su hau kan juna. Idan aka sa shekara 15 zuwa 20, mai bi masa ya fara daga 21.
4. A daidaita ma'auni. Tsarin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932 yana da mataki 5: na yarda sosai, na yarda, ina tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba sam.
5. A bar tambayar shekaru da kuɗin shiga zuwa ƙarshe, kuma a taƙaita fom, domin allon waya yana saurin gajiyar da mutum.

Kafin a saki fom, a ba mutum biyar ko goma su gwada. Duk inda suka tsaya suna neman bayani, wurin yana buƙatar gyara.

Saitin da ke taimakawa

Google Forms na da saitin da ke taƙaita kowa ga amsa ɗaya, amma sai ya shiga da asusunsa na Google. Akwai kuma saitin cakuɗa jerin zaɓuɓɓuka, don kada na sama ya riƙa cin banza. Ƙuri'ar WhatsApp kuwa tana nuna wa 'yan zaure wanda ya zaɓi me, saboda haka ba ta dace da batun da mutane ke jin kunyarsa ba.

Nazarin amsoshi

A tura amsoshin zuwa Google Sheets, a cire waɗanda aka maimaita. Sannan a kula da matsakaicin lissafi. Misali, mutum biyar sun ce suna kashe naira 1,000, 1,500, 2,000, 2,000 da 30,000 a kan data kowane wata. Idan aka tara aka raba biyar, za a sami 7,300, alhali huɗu cikinsu ba su wuce 2,000 ba. Adadin da ya faɗo a tsakiyar jeri, wato 2,000, shi ya fi nuna gaskiya.

Ko da an zaɓo mutane ta hanyar kaɗa ƙuri'a, amsa 100 na iya kaucewa da kusan maki 10 cikin ɗari, amsa 400 da maki 5, amsa 1,000 da maki 3. Ke nan idan 52 cikin 100 suka zaɓi wata waya, 48 suka zaɓi wata, ba a ce an sami wadda ta yi fice ba.

Wajen rubuta rahoto, a bayyana mutum nawa aka tura wa fom, nawa suka amsa, a ina, kuma yaushe. Wannan ne zai sa mai karatu ya san iyakar abin da alƙaluman ke iya faɗa.