Yadda ake gina babban layin wutar lantarki

Wutar da ake samarwa a madatsar Shiroro takan bi ta tashar Mando a Kaduna kafin ta sauka Kumbotso a Kano, a kan layi mai ƙarfin kilobolt 330. Asara ce ta sa ake ɗaga ƙarfin haka: waya tana cinye wani kaso na wutar ta mayar da shi zafi, amma idan aka ninka ƙarfin biyu, asarar sai ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan lissafi injiniyoyi sun daɗe da ƙwarewa a kansa. A ganina, inda aikin ya fi cin tura shi ne wajen filin da layin zai ratsa.

Bayan an ƙiyasta wutar da yanki ke buƙata, masu safiyo ke fita su auna hanya, suna kauce wa fadama da tsakiyar gari, suna rage kwana, domin kowace kwana sai an kafa mata turke mai ƙarfi da tsada. Ƙa'idar Najeriya ta keɓe wa layin 330 fili mai faɗin mita 50, na 132 kuma mita 30, ba gini, ba dogon itace. To wannan fili gonar wani ce, mangwaron wani ne, wani lokaci ma maƙabarta. Dole a zauna da dagaci da masu gonaki, a ƙirga, a biya diyya kafin katafila ta shiga. Wanda aka ci hakkinsa ba zai tona asirin ɓarawon ƙarfe ba, kuma dogon layi a daji ba shi da mai gadi da ya wuce manoman da ke gefensa. Akwai masu cewa a binne wayar a huta da rigima. A cikin birni maganarsu tana da hujja, amma a tafiyar ɗaruruwan kilomita kuɗin ya ninka sau da yawa, kuma idan ta lalace, gano wurin da gyara shi kan ɗauki makonni.

Fili na samuwa sai a gwada ƙarfin ƙasa, a haƙa rami huɗu, a zuba kankare. A kansu ake harhaɗa turken, ƙarfe bayan ƙarfe, da noti, duk an shafe su da tutiya don kada su yi tsatsa. Sai a rataya jerin faifan gilas ko tangaran da ke hana wuta shiga turke. Wayar alminiyon ce mai zuciyar ƙarfe, inji ke jan ta a sama ba ta taɓa ƙasa. Ba a ɗaure ta tamau, ba a kuma sakinta da yawa, domin zafin bazara yana miƙar da ita ta ƙara saukowa. A can ƙololuwa ake ɗora siririyar waya mai tare tsawa, a gwada komai, sannan kamfanin TCN mai kula da manyan layukan ya saki wuta.