Darasi: Ɗakin Shan Maganin Ƙauyenmu, Na Wane Ne?

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka, sau da yawa mukan tarar da ɗakin shan magani mai kyan gini, amma ƙofa a kulle. A wani wurin malamin yana nan, magani ne babu. In muka tambayi jama'a wa za a kai wa kuka, sai su ce, "Ai na gwamnati ne." To, wace gwamnatin? Abin da za mu duba ke nan a darasinmu na wannan wata.

Yadda aka soma

A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma Ata, suka yarda cewa a kai aikin lafiya kusa da talaka, a kuma sa shi cikin shawara. A 1986 Ministan Lafiya na Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin a gwada wannan hanya. Daga baya aka danƙa wa ƙananan hukumomi duka aikin lafiya na matakin farko, wato allurar rigakafi, awon ciki, da maganin zazzaɓi da zawo. Manyan asibitoci suka zauna a hannun jihohi da gwamnatin tarayya.

A 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, suka shirya cewa mutane su riƙa biyan kuɗi kaɗan na magani, kwamitin gari ya riƙe kuɗin, ya sake sayo wani da shi.

Amfaninsa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen gari sun san watan da sauro ya fi yawa, da rafin da ke hana jaki wucewa da damina, da ranar kasuwa da mata ba za su zo awo ba. Ma'aikacin da ke zaune a babban birni ba zai san waɗannan ba. In kuwa malamin asibiti ɗan yankin ne, yana jin harshenmu, kuma muna iya zuwa mu yi masa magana.

Inda aka sami matsala

An ɗora wa ƙananan hukumomi kaya, ba a ba su gammo ba. Kuɗinsu yakan bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ba ya isowa duka. A wurare da yawa abin da ya iso albashi yake cinyewa, wani lokaci albashin ma sai a yi watanni ba a biya ba. Ma'aikacin da ba a biya shi ba yakan koma gona ko birni. Ƙaramar hukuma mai arziki ta ci gaba, matalauciya ta ƙara komawa baya. Sa'an nan aikin ya rabu hannu da yawa, har ba a san mai laifi ba in abu ya lalace.

Saboda haka a 2011 aka amince kowace jiha ta tara aikin nan a ƙarƙashin hukuma guda. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya ta matakin farko, wani ɓangarensa kuma yana shiga asusun ɗakunan shan magani da aka zaɓa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, kawo iko kusa ba ya warkar da yaro in kuɗi da ma'aikata ba su biyo shi ba, in mu kuma ba mu sa ido ba. A tsarin gwamnati, kowace mazaɓa tana da kwamitin raya ƙasa wanda ke lura da ɗakin shan magani. Mu nemi sanin mutanen da ke ciki. Mu tabbata akwai mata, gama su ne suke kwana da marar lafiya. Mu roƙa a karanta lissafin kuɗin magani a gaban jama'a, Kirista da Musulmi tare.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wa ke biyan albashin malamin asibitinku?
2. Yaushe kwamitinku ya yi zama na ƙarshe, me aka yanke?
3. In magani ya ƙare gobe, wa za ku aika, kuma wurin wa?