Annamimanci A Wurin Aiki: Darasi Daga Dajin Kamuku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Birnin Gwari akwai dajin Kamuku, wanda aka keɓe shi gandun En'e a 1936, sa'an nan a 1999 ya koma gandun Gwamnatin Tarayya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Mai gadin daji irin wannan ba ya shiga shi kaɗai, sai da abokan sintiri, domin akwai maharba da masu saran itace ba da izini ba, ga kuma 'yan bindigar da suka addabi yankin, kamar yadda aka gani a harin Gwaska na 2018. Bayan kiyayewar Allah, ransa yana hannun abokin tafiyarsa. To, ina halin mutumin da zai shiga daji da wanda ya kai sukarsa wurin shugaba jiya?

Wannan misali ya shafi kowane ofis da makaranta da asibiti. Cutar takan fara ne da kwaɗayin ƙarin girma. Daga nan sai hassada, sai kai tsegumi, sai ma'aikata su rabu gida-gida. Wanda aka sa wa ido barci ya ƙaurace masa, ya riƙa zuwa aiki da faɗuwar gaba, ya ɓoye shawararsa don gudun a juya ta. Ƙarfin da zai sa a aiki sai ya ƙare wajen kare kansa. Daga ƙarshe talakan da ya zo neman biyan bukata shi ne zai sha wahalar.

Musulunci bai ɗauki wannan da wasa ba. A Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Ya hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane, Ya kuma kamanta mai yi da mutum da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Huzaifa cewa Aljanna ba ta annamimi ba ce.

Nauyi mafi girma yana kan shugaba, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aya ta 6 ta wannan sura ta umurci a bincika labarin fasiƙi kafin a yi hukunci da shi. Imamu Gazali ya lissafta abubuwa 6 da suka wajaba a kan wanda aka kawo wa tsegumi: kada ya gaskata, ya hana mai kawowa, ya ƙi shi saboda Allah, kada ya munana zato ga wanda ba ya nan, kada ya shiga bin diddigi, kada kuma ya kai maganar gaba. Wajen ba da muƙami kuwa, ma'auni shi ne ƙarfi da amana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ba fadanci ko 'yan'uwantaka ba.

Sai dai a lura, sanar da shugaba ha'inci na gaskiya, kamar satar dukiyar jama'a, nasiha ce, muddin da hujja, kuma ba neman kujerar wani ake yi ba.

Wanda aka zalunta ya kai kukansa ta hanyar da doka ta tanada, ya ci gaba da kyautata aikinsa, ya tuna arziki ba ya hannun mutum.

Allah Ya tsare harsunan Musulmi, Ya zaunar da Birnin Gwari lafiya, amin.