Ziyarar Ilimi a Koyar da Hausa: Wuni Guda a Bakin Ruwan Ƙaraye

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan zance gaskiya ne a fagen ba da shaida, amma a fagen koyar da harshe ji ba ya koruwa, domin kuwa harshe a bakin masu shi yake zaune. Wannan babi zai yi tsokaci a kan ziyarar ilimi a matsayin ɗaya daga cikin dabarun koyar da Hausa. An ɗauki garin Ƙaraye a matsayin misali, domin a nuna yadda malami zai tsara wuni guda na zagaya gari da bakin ruwa, tare da kwana a sansani kusa da wurin, ta yadda ɗalibai za su dawo da guzurin kalmomi, ba labarin kallo kawai ba.

2.0 Ma'anar Ziyarar Ilimi

Ziyarar ilimi ita ce fitar da ɗalibai daga aji zuwa wani wuri da aka zaɓa, domin su gani, su saurara, su tambaya, su kuma rubuta. Ta bambanta da yawon buɗe ido, saboda tana da manufa da aka tsara tun kafin a tashi, tana kuma da aikin da za a auna bayan an dawo. Buƙatarta a fili take. Ɗalibi zai iya haddace karin maganar nan mai cewa "kifi na ganin ka mai jar koma", har ya ci jarrabawa da ita, alhali bai taɓa ganin koma ba, bai kuma san dalilin da ya sa aka ambace ta ba.

3.0 Dalilin Zaɓen Ƙaraye

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku irin ta Badagiri ko Kalaba, amma tana da garuruwan bakin ruwa waɗanda za su biya wa malami buƙata. Ƙaraye, wadda ke yammacin Jihar Kano, tana daga cikinsu, saboda dalilai huɗu:

i. A ƙasarta aka gina madatsar ruwan Challawa tsakanin 1990 da 1992. Tsayin ganuwar madatsar ya kai mita 42, tsawonta kuma kilomita 7.8, tana kuwa iya riƙe ruwa fiye da kyubik mita miliyan 900. Kogin Challawa shi ne ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗejiya.

ii. Tsohon gari ne na sarauta. A 2019 aka mayar da shi masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe ta a 2024, sannan a cikin shekarar aka sake kafa ta a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo.

iii. Yankin yana maƙwabtaka da jihohin Katsina da Kaduna, don haka wuri ne da ya dace da sauraron haɗuwar kare-karen harshe.

iv. Garin ya saba da baƙi, domin a Kusalla ne sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake.

4.0 Shiri Kafin Tafiya

Wajibi ne malami ya fara zuwa wurin shi kaɗai kafin ranar ziyara. Zai nemi izinin hukumar makaranta da na iyaye a rubuce, ya sanar da fada da hukumar da ke kula da madatsar, ya kuma gana da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta. Zai tanadi wurin kwana mai tsaro, kamar harabar wata makaranta, inda za a kafa tantuna ko a yi amfani da azuzuwa, maza daban, mata daban tare da malama mai kula da su. Amfanin kwana kusa shi ne a riski masunta da sassafe, lokacin da suke fitowa da kamu.

Batun tsaron rai shi ne kan gaba. A watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta ƙaramar hukumar Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Saboda haka ba a yarda ɗalibi ya hau kwale-kwale ba sai da rigar kariya, ba a kuma yarda a yi lodin da ya wuce ƙima ba. Idan babu rigunan, a tsaya a gaɓa, darasi ba zai ragu da komai ba. Haka kuma a hana wanka, domin ruwan da ke kwance yakan jawo cutar tsargiya.

Daga nan sai a kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da littafinsa da tambayoyinsa. A koya musu gaisuwa da neman izini kafin tambaya ko ɗaukar murya.

5.0 Tsarin Wunin Ziyara

Bayan sallar asuba: a nufi bakin ruwa. Ɗalibai su rubuta sunayen kayan su kamar koma da taru da birgi da fatsa da gora, da sunayen kifaye kamar tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa. Kowace kalma a rubuta ta tare da jimlar da aka ji ta a ciki.

Da hantsi: a tafi fada a yi gaisuwa. A nan za a lura da kalmomin girmamawa da sunayen sarautu da kirarin da fadawa ke yi.

Bayan azahar: a shiga kasuwa. A saurari yadda ake taya kaya, da yadda ake cewa albarka, da yadda ake sallamawa.

Da la'asar: a ziyarci masu noman rani, a tattaro kalmomin lambu da ban ruwa.

Bayan isha'i: a zauna a sansani, kowane rukuni ya karanta abin da ya samo, a gyara tun ba a manta ba. Wannan zama shi ne zuciyar ziyarar, kuma shi ne abin da masu zuwa su koma a rana ɗaya suke rasawa.

6.0 Abubuwan Nazarin Harshe

Kalmomin da aka tattaro su ne za su zama kayan aikin darussan nahawu. Misali:

a. Ƙirar kalma. An samo kalmar madatsa daga aikatau datse, ta hanyar ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -a, kamar yadda aka samo marina da majema da maƙera. Ɗalibai su kwatanta wannan da ƙirar masunci da masunta, inda ma- ke nuna mai aikatawa ba wurin aikatawa ba.

b. Aron kalmomi. A bakin jama'a an fi jin dam fiye da madatsar ruwa. Ɗalibai su lura da waɗanda ke faɗin kowacce, da kuma inda ake faɗin ta.

c. Faɗaɗa ma'ana. A da, sansani wurin da mayaƙa ke sauka ne, zango kuwa na fatake ne. A yau ana cewa sansanin alhazai da sansanin 'yan gudun hijira.

d. Bambancin ma'ana. A tantance tsakanin kogi da gulbi da rafi da ƙorama da tafki da kududdufi da teku.

e. Karin harshe. A saurari ko mai magana ya ce zauna da sauka irin na Kananci, ko zamna da sabka irin na Katsinanci, ko kuma ya ce rigan a maimakon rigar, kamar yadda ake ji a Zazzaganci. A rubuta abin da aka ji yadda aka ji shi. Ba aikin ɗalibi ba ne ya gyara wa mai ba shi bayani magana.

7.0 Bayan Dawowa

A cikin makon da aka dawo, kowane ɗalibi zai rubuta insha'in labari a kan ziyarar cikin daidaitacciyar Hausa, ajin kuma ya haɗa ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin su. Ya kamata a rubuta wasiƙar godiya zuwa ga fada da masunta, wanda wannan ma darasi ne na rubutun wasiƙa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ziyarar wuni guda za ta iya ciyar da darussan nahawu da al'ada da insha'i na tsawon zangon karatu. Malamin da ya fita ba tare da manufa ba, kuɗin iyaye kawai zai ɓata, ya kuma jefa 'ya'yan mutane cikin haɗari. Wanda ya tsara kuwa, ɗalibansa za su dawo da kalmomin da suka ji daga bakin masu sana'a, waɗanda da yawansu ba a cikin littafin aji suke ba.

Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin ziyarar ilimi da yawon buɗe ido.
2. Kawo matakai huɗu da malami zai ɗauka domin kare lafiyar ɗalibai a bakin ruwa.
3. Fayyace ƙirar kalmomin madatsa da masunta.
4. Zaɓi wani gari na bakin ruwa a jiharku, ka tsara wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ziyarar wuni guda zuwa can.