Yadda Ake Tsallen Aksal a Kan Takalmin Taya

A Narayi ba mu da filin ƙanƙara irin wanda Turawa da Japanawa ke zamiya a kai. Amma a nan, a wani layi mai santsin kwalta a Narayi High Cost, na ga ƙanena ya tashi sama da takalmin taya, ya juya sau ɗaya da rabi, ya dira a kan ƙafa ɗaya yana tafiya da baya. Wata takwas ina bin sa da gorar ruwa da man zafi kafin wannan ranar, don haka abin da zan faɗa, da idona na gani.

Tsallen sunansa Aksal. Ya samo sunan daga Axel Paulsen, ɗan ƙasar Norway, wanda ya fara yin sa a gasa a birnin Vienna a 1882. Abin da ya fi ƙarfafa wa yaranmu gwiwa shi ne, Paulsen ma ba da takalmin da ya dace ya yi ba, takalmin tsere ne a ƙafarsa. A cikin manyan tsalle-tsalle shida na gasar zamiya a kan ƙanƙara, Aksal ne kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba. Sauka kuwa kullum da baya ake yi, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi, shi ya sa kuma ake shakkarsa.

Ba zan tsaya kan koyon tsayuwa da tafiya ba. Wanda bai iya gudu da baya yana waiwaye ba, lokacin Aksal bai yi masa ba tukuna.

A fara da takalmi. Namu na gwanjo ne daga Kasuwar Barci, mai taya huɗu a jere. A zaɓi wanda ya kama idon sawu gam, ko da ya ɗan matse, domin wanda ƙafa ke yawo a ciki shi ke kawo targaɗe. Sai dabarar da tsofaffin hannu ke yi: a sa manyan tayoyi biyu masu milimita 80 a tsakiya, ƙanana masu 76 a gaba da baya. Da haka ƙasan takalmin zai lanƙwashe kamar ayaba, ya yi kama da ƙarfen takalmin ƙanƙara, taya biyu kawai ke taɓa ƙasa a lokaci guda, juyi ya zo da sauƙi. Idan hunturu ya shigo, ƙura kan cika boris ɗin har ka ji yana kuka. Sai a kwance, a wanke da kananzir, a shanya, a ɗiga man keken ɗinki. Ranar Asabar da safe za ka ga yaranmu zaune a bakin kwalbati, kowa da gwangwaninsa da tsumma, ɗan makaranta kusa da yaron kanikanci, wannan zai tafi atisayen mawaƙan coci an jima, wancan Islamiyya. Wannan zaman yana cikin abubuwan da nake so a unguwarmu.

Sai share fili. Tsintsiya na cikin kayan aikin wannan wasa, don tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da taya cak, mutum ya wuce ya bar ƙafarsa a baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Hular kwano da kariyar wuyan hannu kuwa dole ne.

Daga nan sai koyon gefe. A tsaya a ƙafar hagu ita kaɗai, a karkata zuwa wajen ɗan ƙaramin yatsa, a bar takalmin ya zana da'ira da kansa. A maimaita da ƙafar dama, amma da baya. A gefen farko ake tashi, a na biyu ake sauka. Idan sun zauna, sai ɗan tsallen rabin juyi: ka tashi da hagu kana kallon gabas, ka sauka da dama kana kallon yamma. Mai nacin gaske zai same shi cikin 'yan makonni. A gida kuma a cire takalmi, a sa safa, a riƙa juyi a kan ƙafar dama a tsakiyar falo, hagu ta harɗe a gabanta, hannuwa a ƙirji. Mahaifiyarmu ta sha kwashe kwanukanta daga hanya saboda wannan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mai tsalle yana tahowa da baya a ƙafar dama, ya waiwaya ta kafaɗar hagu, ya taka gaba da hagu, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa biyu a baya. Duk abin da zai biyo baya bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Kuma a nan zuciya take yaudarar mutum. Tunda ya san juyi ɗaya da rabi ke jiransa, sai ya fara juyin tun yana ƙasa: kafaɗa ta riga ƙafa, ƙafar dama ta ɗebo ta gefe kamar mai shara, jiki ya karkace, tayoyin su zame daga ƙarƙashinsa. Sai dai ka ji tim, ƙugu ya daki kwalta. Ƙanena ya yi wata uku cur yana wannan faɗuwa, a wuri guda, har fatar wajen ta yi baƙi.

Wanda ya gyara masa wani babba ne a cikin masu wasan, mai walda, da duk suke kira Oga. Ya kai shi gaban wani dakali ya ce, "Ƙanena, manta da juyi. Hau wannan dakalin da ƙafar dama." Haka ya sa shi yi har ya gaji. Sirrin ke nan. Gwiwar dama gaba take wucewa, ta yi sama kamar mai hawa bene, hannuwa su biyo ta suna gogar ƙugu. Sai mutum ya bar ƙasa, sai ya kai ƙololuwa, sannan zai miƙe ƙafar dama ya mayar da duk nauyinsa kanta, alhali babu abin da ta taka sai iska. Hagu ta harɗe a gaba, hannuwa su dawo ƙirji, juyin ya zo da kansa. Da ƙafa ɗaya ka tashi, a kan ɗayar kake juyawa, kuma musayar a sama ake yin ta. Wanda ya yi saurin haɗe jiki ba zai yi sama ba, wanda ya makara ba zai cika juyi ba. Tsakanin biyun akwai wani ɗan lokaci da baki ba ya iya faɗa, sai jiki ya gano shi bayan faɗuwa mai yawa.

A watannin faɗuwar nan ne, da ƙanena ya fara karaya, muka riƙa kallon gwanin zamiya a kan ƙanƙara Yuzuru Hanyu a waya. An haife shi a Sendai ta Japan a 1994, ya fara zamiya yana ɗan shekara 4, yana kuma fama da asma. Ranar 11 ga Maris 2011 yana cikin atisaye girgizar ƙasa ta afka wa garinsu, ya fito a guje da takalman a ƙafarsa, filin da yake horo ya lalace. Shekara uku bayan haka ya ci zinare a gasar Olamfik ta Sochi. A 2018 ya sake ci a Koriya ta Kudu, wata uku kacal bayan ya ji rauni a idon sawun dama, ƙafar da ake sauka a kanta. Rabon da wani namiji ya jera zinare biyu haka tun Dick Button na Amurka a 1948 da 1952, kuma Button ɗin ne ya fara Aksal mai juyi biyu da rabi a 1948. Vern Taylor na Kanada ya kai shi uku da rabi a 1978. A Beijin a 2022 Hanyu ya gwada huɗu da rabi, ya faɗi, ya tashi ya ƙarasa wasansa, ya zo na huɗu. A watan Satumba na shekarar Ilia Malinin na Amurka, yana ɗan shekara 17, ya sauke shi lafiya. Shekara 140 ke nan daga juyi ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Da ƙanena ya lissafa, sai ya ce, "Yaya, ashe ni ban ma daɗe ba."

Saukar ba ta da dogon bayani. Ƙafar dama ta dira da baya, gwiwa ta lotsa ta shanye nauyi, hagu ta miƙe a baya, hannuwa su buɗe su kashe juyin. Ido a gaba, domin mai kallon ƙasa can zai tafi. Ranar da ƙanena ya sami tsallen, da yamma ce bayan la'asar, babu ko ƙara, sai sautin tayoyi suna ci gaba da gudu. Masu acaɓa biyu da ke jiran fasinja suka miƙe suna tafi.

Ina jin takaicin ganin wasu yaran da takalmin taya suna kama bayan Keke Napep a kan titin Barnawa, suna wasa da rayukansu. Amma yaron da bai sami fili ba, titi zai hau. Masu makarantu da masu ɗakunan taro na Narayi, ku buɗe musu daɓenku na siminti ko da awa biyu ne ranar Asabar. Tsintsiya da takalma su za su zo da abinsu.