Amsoshin Tambayoyinku: Karatu ta Wayar Salula

Wani mai sauraro daga Barmu, a jihar Tawa, ya tambayi dalilin da ya sa darasin da ake turowa ta WhatsApp ba ya zama a ka. Wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maganinta bita a rarrabe, wato maimaita darasi ana barin tazarar kwanaki. Saboda haka gara malamin da ke koyarwa ta waya, misali mai koyar da ƴan ci-ranin Adar mazauna Abijan, ya tura gajeren saƙon murya haɗe da tambaya, ya gyara amsar, sannan ya sake tambayar bayan mako, kamar yadda almajiri ke biya allonsa kafin ya wanke.